Notin Da Ya Yi Laushi

A wurin lodi, inda yake ɗaure kaya a kan manyan motoci, babu mai kiransa da sunan yanka. Matsau suke ce masa, kuma ya ci sunansa. In ya ja igiya ya ƙulle ta a kan buhuna, direba sai ya yi tafiyar kwana da kwanaki bai sauka ya duba baya ba. Tun yana sabon shiga ya ga abin da igiya mai sako-sako ta jawo wa wani mai keke a kan wata kwana, daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa abin da bai matsu ba shi ke kisa. Da a wurin aiki ya bar hukuncin nan da an huta, amma ina, har gida ya taho da shi. In ya rufe famfon tsakar gida, sai an jira ya dawo kafin a sha ruwa. In ya murɗa marfin kwalba, Malama matarsa sai ta naɗe hannu da tsumma tana nishi tana roƙa masa shiriya.

Motar gidan 'yar ƙarama ce, shuɗiya, ta sha jiki, da ita Malama ke zuwa makarantar da take koyarwa. Wata rana wani bakanike ya bar mata noti ɗaya bai kai ba, Matsau ya gano shi da yatsa, ya rantse babu mai sake taɓa tayar matarsa sai shi. Ba rowa ba ce. So ne da tsoro suka haɗu masa, shi kuwa bai iya nuna ko ɗaya da baki ba, sai da damtse.

Ranar da abin ya faru, Malama za ta kai Inna mahaifiyarsa asibitin ido da ke can saman dutse. Da safe ya sauya tayar gaba ta ɓangaren da Inna za ta zauna. Notuna huɗu ne. Ya ɗaure su da sufanar da ta zo da motar, sannan ya zura mata bututun ƙarfe a hannu, ya hau kai da ƙafa biyu, ya dafa rufin mota yana ta dannawa da nauyinsa. Ana cikin haka ya ji abin yana sauka ƙarƙashinsa da sauƙi. Da ya diro ya ga sufanar ta lanƙwashe kamar lauje, sai ya yi tsaki ya ɗora mata laifi. Ya mayar da marfin taya, ya buga shi da tafin hannu.

"Yallaɓai," in ji Malama tana gyara wa Inna kujera, "in tayar nan ta sace a hanya, wane ƙato ne zai kwance mini ita?"

"Sai ki kira ni."

"Da wayar da ka ce a kulle a but?"

Wannan ma dokarsa ce. In za ta tuƙa mota, waya ta shiga jaka, jaka ta shiga but a bayan mota, ko duniya za ta tashi kar ta ɗauka sai ta isa. Inna kuwa ba ta riƙe waya, ta ce tana sa mata ciwon kai. Suka tafi, shi kuma ya yi 'yan aikace-aikacensa, da rana ta ɗaga ya ɗauki lanƙwasasshiyar sufana ya nufi layin masu kayan aiki.

Shagon da ya shiga tsukukku ne, yana warin giris da sabuwar roba. Sufanu a rataye jikin bango daga ƙarama zuwa babba, jak iri-iri a ƙasa sai an tsallake su. Mai shagon tsoho ne, tabarau a rataye a wuya, babban yatsansa na hagu a baje kamar an taɓa yi masa aiki da guduma. Matsau ya ajiye masa sufanar a teburi.

"Baba, irin wannan nake so, amma wadda ba ta tsoron namiji."

Tsohon ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya. "Mota ce ta taka ta?"

"Ni ne."

"To sannu da ƙoƙari."

Ya jero masa guda uku. Akwai mai kai huɗu, wadda ake juyawa da hannu biyu. Akwai wata doguwa baƙa, tsayinta ya kai daga kafaɗar Matsau zuwa yatsunsa. Ta ukun a cikin wani jan akwati take, siririya, fara tas, da 'yan lambobi a gindin hannunta. Matsau bai ko kalle ta sau biyu ba, a ganinsa irin kayan adon nan ne da ake sayar wa masu laushin hannu. Mai kai huɗun ya ɗaga ya ajiye. Doguwar baƙar ce ta shiga ransa, nauyinta kaɗai ya ishe shi shaida. Yana auna ta a tafin hannu wayarsa ta yi ƙara.

"Yallaɓai, an gama," muryar Malama ce. "An rufe wa Inna idon da auduga, tana ta mita wai likitan yaro ne. Yanzu za mu kamo hanya."

"Waya a jaka."

"Jaka a but. Na haddace, ranka ya daɗe."

Ta kashe tana dariya. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce wa tsohon a naɗe masa doguwar.

"Zan naɗe," in ji tsohon, "amma ni ba na sayar wa mai irin damtsenka wannan sai ya gwada. Zo nan."

A ƙarshen teburin akwai matsin ƙarfe, a bakinsa an damƙe wata 'yar sanda mai zare, irin wadda notin taya ke hawa kai. Tsohon ya ɗaura mata noti, ya buɗe jan akwatin, ya murɗa gindin siririyar sufanar ya miƙa masa.

"Ja a hankali. In ta yi magana ka tsaya."

Matsau ya ja yana murmushin raini. Bai ko fara sa ƙarfi ba ya ji ta ce ƙas a hannunsa.

"Ta karye?"

"Ba ta karye ba. Cewa ta yi noti ya ƙoshi."

"Wannan ne ya ƙoshi? Baba, ai ko marfin kwalba na fi matse shi haka."

"Na yarda. To karɓi taka, ka ɗaure shi yadda ka saba."

Ya karɓi doguwar, ya gyara tsayuwa, ya danna. Notin ya yi tauri, ya ƙara, ya yi tauri, ransa ya fara yi masa daɗi. Ya sake dannawa da kafaɗa. Sai kawai taurin ya tafi. Sufanar ta sauka da sauƙi kamar ana murɗa danƙo, ta ƙara sauka kaɗan, sannan wani abu ya ce ɗas, notin ya faɗi ƙasa da guntun sandar a cikinsa, ya gangara ƙarƙashin teburi.

"Ka ji laushin nan kafin ya tsinke?" in ji tsohon. "Ƙarfen ne yake miƙewa. In ya yi haka ya riga ya mutu, ko da ka gan shi a tsaye. Saura kawai ya sami abin da zai girgiza shi."

Hannun Matsau yana nan a kan sufanar, amma tafin ƙafarsa ne yake tuna masa wani abu. Laushin nan ya san shi. Ɗazu da safe ya ji shi ta cikin takalmi, yana dafe da rufin mota.

"Baba," ya ce, "in sufana ta lanƙwashe, ai ita ma tana yin laushin nan ko?"

Tsohon ya cire tabarau ya dube shi da kyau. "A kan noti nawa ka ji shi?"

"Biyu. Ko uku. Ban sani ba."

"Tayar gaba ko ta baya?"

"Gaba."

"Ina motar?"

"Tana kan dutse. Matata ce da mahaifiyata. Yanzu za su gangaro."

Tsohon bai ce masa kar ya damu ba, kuma wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Cewa ya yi hawa ba ya wahalar da noti, don mota a hankali take tafiya. Gangara ce matsalar, kowane birki da kowace kwana nauyin motar duka a kan tayar gaba yake sauka.

Matsau ya zaro waya ya danna lambar Malama. Ta shiga. Tana ta ringi. Yana jin ta a ransa, can cikin jaka, jaka cikin but, but a kulle, kamar yadda ya ce a yi. Ta katse. Ya sake kira, ya sake, yana zagaya tsukukken shagon yana tuntuɓe da jak. Sau nawa ya yi mata faɗa a kan wayar nan? Har ranar da ta ɗauka don ta ce masa ta kusa gida sai da ya yini bai yi mata magana ba. Yau ga shi tana yi masa biyayya.

Wani abu ya bugi ƙirjinsa ya faɗi. Makullin babur ne.

"Yana bakin ƙofa," in ji tsohon. "Ba ya gudu, amma yana isa. Tsaya ka ji ni! In ka gan ta kar ka yi ihu, kar ka sha gabanta. In ta firgita ta taka birki da ƙarfi, kai ka cire tayar da hannunka."

Bai san lokacin da ya suri siririyar sufanar daga kan teburi ba, bai kuma san dalili ba. Ya dai soke ta a bayan wando ya haye babur.

Babur ɗin kuwa ya cika alkawarin mai shi, ba ya gudu. Matsau ya murɗe shi har ƙarshe yana kutsawa tsakanin motoci, madubi na gogar madubi, ana bin sa da zagi. A mahaɗar hanya jar wuta ta kama shi, mutumin da ko tsakar dare babu kowa sai ya tsaya, yau ya wuce ta ko waiwaye. Shaguna suka ƙare, gidaje suka yi ƙaranci, hanya ta fara hawa. Injin ya koma kuka, gudun ya koma rarrafe. Yana tura jikinsa gaba kamar hakan zai taimaka.

Idonsa na kan ɗaya hannun, inda motoci ke gangarowa. Duk shuɗiyar da ta ɓullo sai ya ƙura mata ido, sai ta matso ya ga ba ita ba ce. Bai taɓa sanin shuɗɗan motoci sun yi yawa haka a duniya ba. A gefen hanya akwai shingen ƙarfe, bayan shingen rami ne mai zurfi da duwatsu a ƙasa. Wani wuri shingen a lotse yake tun tuni, ya ɗauke kai. Yana ta lissafin abin da zai yi in ya gan ta. In ya ɗaga hannu za ta tsorata. In ya juya ya bi ta a baya, babur ɗin nan ba zai kamo ta ba. Addu'a yake yi, amma kalmomin a tsinke suke fitowa.

Sai ya lura da abin da ya fi wancan muni. Motoci sun daina gangarowa. Ɗaya hannun ya zama fayau, babu ko keke. Ya yi shekaru a kan hanya, ya san abu ɗaya ne ke share titi haka, wani abu ya tare shi a sama. Ya ji yana kiran Inna a fili, kamar yaro.

Da ya sha babbar kwanar ya hango taron mutane. Ya kusa sakin babur ɗin. Ya ƙura ido yana neman shuɗi a tsakanin ƙafafuwa, yana neman taya a kwance ita kaɗai. Abin da ya gani babbar mota ce a karkace, kayanta sun zame gefe guda, buhuna sun zube sun cinye titi, direba na tsaye hannu a ka. Babu wanda ya ji rauni. Ko a cikin wannan hali idon Matsau sai da ya kai kan igiyar, ya ga ƙullin banza, ƙullin wanda ke saurin zuwa cin abinci. Da wata rana ce da ya tsine wa mai ɗaurin. Yau da zai gan shi da ya rungume shi, don bayan babbar motar layi ne na motoci har iya ganinsa, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya ta ɗan gefen da ya rage.

Ya jingine babur ya shiga layin da ƙafa. Ba ita ba, ba ita ba. Can ya hango lotsattsen ƙarfen gaban motar da ya sani, da farar auduga a fuskar wadda ke gidan gaba. Motar tana matsowa kaɗan kaɗan. Ya dubi tayar, ya ga tana ɗan rangaji in ta juya, ko kuwa idonsa ne, bai sani ba. Ƙafafunsa suna son gudu, ya hana su. Ya goge fuska da hannun riga, ya ƙaƙalo wani abu mai kama da murmushi, ya taka a hankali ya ƙwanƙwasa gilashi da yatsa ɗaya.

Malama ta zabura. "Yallaɓai! Lafiya? Wa ya mutu?"

"Babu kowa. Ki ɗan sauka gefe, can inda ya yi faɗi. A hankali. Kar ki murɗa sitiyari da yawa."

"Me ya faru?"

"Don Allah, Malama."

Tunda suke bai taɓa haɗa ta da Allah a kan mota ba, umarni yake bayarwa. Ta dubi fuskarsa, ta kama sitiyari da hannu biyu. Ya zagaya ɓangaren Inna ya dafa motar a saman tayar yana tafiya tare da ita, kamar tafin hannunsa zai riƙe wani abu. Daga nan yana jin ƙarar, wani ƙwal-ƙwal a cikin marfin taya duk juyi ɗaya. Ɗan tazarar nan ya fi masa duk hawan dutsen tsawo. Da tayar ta sauka daga kwalta ta hau tsakuwa sai da ya rufe ido.

Motar ta tsaya. Ya durƙusa ya sa makullin babur ya ɓamɓare marfin. Notuna biyu suka zubo a kan tsakuwa, kowanne da guntun sandarsa a ciki. Ya kai yatsa kan na uku don ya ji ko yana nan, sai ya biyo hannunsa. Saura ɗaya.

Ya zauna daɓas a ƙasa, notuna uku a tafin hannu.

Inna ta sauke gilashi, ta karkato kai tana neman sa da idon da ba a rufe ba. "Kai ɗan nan, me ya kawo ka nan? Gara ma da ka zo. Tun daga ƙofar asibiti motar nan take kaɗa mini kacau-kacau a ƙarƙashin ƙafa. Na ce wa 'yar nan ta tsaya a duba, ta ƙi."

Malama ta zagayo ta tsaya a kansa. Ta dubi tayar, ta dubi hannunsa, ta juya ta dubi gangaren da ya rage a gabansu da kwanoninsa da raminsa.

"Kin ji ƙarar?" ya ce, bai ɗago ba.

"Na ji."

"Me ya sa ba ki tsaya ba?"

"Na ɗauka tsakuwa ce." "Na ce wa Inna ko mene ne dai ba taya ba ce. Na ce mata ɗanta ne ya ɗaure."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya sa kai tsakanin gwiwoyi, ƙaton nan da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya, ya yi kuka sosai a gefen titi, masu jiran layi na leƙowa. Inna ta yi ta tambaya me aka yi masa.

Rana ta yi sanyi kafin bakaniken da suka kira daga gindin dutse ya gama. Ya fitar da matattun sandunan ya sa sababbi, har da ta huɗun, don ya ce ita ma saura ƙiris. Ya mayar da taya, ya ɗaura notuna da yatsa, ya sauke jak, ya miƙa hannu zai ɗauki sufanarsa. Matsau ya ce ya dakata. Ya zaro siririyar daga bayan wandonsa, inda ta yini tana sukarsa.

"Wannan fa?" in ji Malama.

"Ita na saya."

Bakaniken ya duba lambobin gindinta ya ce daidai take. Matsau ya kafa ta a kan noti, sannan ya matsa gefe ya miƙa wa matarsa hannun sufanar.

"Ni?"

"Ja a hankali. In ta yi magana ki tsaya."

Ta tattare mayafi ta durƙusa. Matar da marfin kwalba ke gagara ta ja da hannu biyu, ta ɗan ciji leɓe, sai abin ya ce ƙas. Ta bi sauran ukun, kowanne ya ce ƙas. Ta ɗago ta dube shi.

"Shi ke nan?"

Ya dubi notunan. Duk jikinsa yana gaya masa ba su kai ba, kafaɗarsa har ƙaiƙayi take. Inna za ta sake zama a kan tayar nan, gangaren kuma yana nan inda yake. Hannunsa na dama ya miƙa da kansa zuwa ga sufanar. Ya kamo shi da na hagu, ya cusa shi a aljihu.

"Shi ke nan," ya ce. "Ya isa."